Ladaninmu a Cikin Tankin Fetur

Ƙanina, autanmu, shi ne ladanin ɗan masallacin layinmu a Dilimi tun kafin ya yi aure. Ba wanda ya zauna ya naɗa shi. Tsohon da ke kira ne murya ta gaza masa, wata la'asar Auta ya miƙe ya kira a madadinsa, shi ke nan ba a sake neman wani ba. Siriri ne, in ka gan shi cikin iskar Jos sai ka ji tsoron kada ta kwashe shi. Amma fa in ya ɗora hannu a kunne ya ja kabbarar farko, sai in sauke tukunya, in nemo buta, in zuba mata ruwa, bai dire ba. In an ɗauke wuta lasifika ta mutu, shi ko a jikinsa, har masu wanki a bakin rafi suna jin sa. Ba shi da gida, ba shi da mota, keke ma sai na aro. Wannan numfashin shi ne abin da ya mallaka a duniya, kuma shi aka karɓe masa ina ji ina gani.

Ni na raine shi. Innarmu ta rasu yana rarrafe, a bayana ya girma, ranar da aka kai ni ɗakin miji ma da shi aka kai ni. Don haka in kun ji ina zafi a wannan magana, ina da dalilina, kuma kada kowa ya ba ni haƙuri. An ba ni har na ƙoshi.

Faci yake yi. Yana da ɗan wurinsa a kusurwar wani tsohon gidan mai da ke Titin Bauchi, da injin iskarsa da bahon ruwan da yake tsoma tayoyi. Da shi yake ci da matarsa da 'ya'yansa biyu, ba a rasa na cefane. To a tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin da na fara sayar da shinkafa da wake a Tina Junction, sai hukuma ta taso wa tsofaffin gidajen mai. Aka ce tankunan da suka binne tun zamanin iyayenmu tsatsa ta cinye su, fetur yana yoyo cikin ƙasa yana bin ruwa. Kowa ya tone nasa, ya kawo sabo, a shafe shi da kwalta, a gina masa ɗaki na kankare a ƙarƙashin ƙasa, a zagaye shi da yashi, a ja masa bututun fitar da tururi. Wanda ya ƙi, a garƙame masa gida.

Ni ban taɓa ƙin wannan doka ba, Allah ya sani. Ina da ƙawa a bayan gidan man nan, na sha shayin da aka dafa da ruwan rijiyarsu, wallahi kai ka ce mashin aka wanke a ciki. Gyaran ya kamata tun tuni. Sai dai ranar da aka fara shi aka zagaye wurin da kwano, aka kori mai shayi, aka kori mai faci. Auta ya kwaso injinsa ya jingine a zauren gidana, ya yi ta zagayen neman wata kusurwar, kowacce da mai ita.

Wanda ya sami kwangilar tonon kuwa ba baƙo ba ne. Ɗan layinmu ne, gidansa na kallon masallaci, sahun farko yake tsayawa bayan liman. Oga kowa ke ce masa, har liman ɗin. Wata azahar bayan an sallame ya riƙe hannun Auta a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ce, "Malam ladan, ni fa kullum in ka ja kiran nan sai in ce wannan ƙirji ana asararsa. Mutumin da zai yi wannan ja da numfashi ɗaya, ai shi aka yi wa cikin tanki. Gobe ka same ni a wurin aiki."

Da murnarsa ya zo ya gaya mini, wai an yaba masa. Na ce, "Cikin me?"

Sai ya zauna ya yi mini bayani. Ashe kafin a ɗaga tsohon tanki daga rami sai an kwashe dagwalon da ya kwanta a gindinsa shekara da shekaru, baƙi ƙirin, mai kauri kamar kunun da ya kwana. In ba a kwashe ba, ranar da mai walda ya kusanto shi da wuta sai dai a tsinto shi a wata unguwa. Bakin tankin kuma ɗan ƙarami ne, mai tumbi ba ya wucewa. Sai a ɗaura wa siririn mutum igiya a kugu, ya cire takalmi da duk wani ƙarfe da ke jikinsa, ya cika ƙirji da iska a waje, ya sauka da bokiti da ludayin roba, ya kwasa iya abin da numfashinsa ya ba shi, sannan ya girgiza igiya a jawo shi. Sauran leburorin da ƙyar suke cika bokiti ɗaya su fito suna haki. Oga ya lissafa cewa ladan zai cika biyu ko uku.

Daga baya na ji ashe akwai injin da ake kafawa ya yini yana korar tururin kafin ɗan Adam ya leƙa, akwai kuma abin rufe fuska mai tiyo da ke kawo iska daga waje. Haya ake ɗaukar su. Oga ya duba ya ga ladan ya fi sauƙi.

Na ce masa, "Auta, wurin da ba a numfashi a cikinsa, me ya kai mai rai?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ai ana ba mu madara."

Madara! Duk garin nan haka aka yarda, kuma har gobe akwai masu yarda. Mai fentin mota in ya tashi aiki sai ya fasa gwangwanin madara ya ɗaga kai, mai walda ma haka, wai tana wanke ƙirji. Oga katan guda yake ajiyewa a bayan motarsa, duk wanda ya fito daga tanki a huda masa ɗaya da ƙusa a miƙa masa. Leburori har rububin shiga suke don ita. Auta kuwa sau da yawa ba ya ma sha, aljihu yake sakawa ya kai wa 'ya'yansa su yi shayi.

Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, nas ce a wani asibitin mishan, 'yar ƙauyukan bayan Bukuru. Sista muke ce mata. Na leƙa ta katanga na tambaye ta maganar madarar nan. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni, ta ce, "Maman yara, madara yana zuwa ciki ne, ba ya zuwa huhu. Hanya biyu ne. Ki gaya wa ƙaninki ya fita daga wannan aiki." Na gaya masa a ranar. Ya ce Sista ba ta san aikin ƙarfi ba.

Satin farko ba abin da na gani sai wari. In ya shigo gaishe ni sai na ture murhu gefe, don tsoro nake kada ya kama. Matarsa ta wanke kayansa da omo, ta sake wankewa, ta shanya a rana, warin yana nan. Har a sahu mutane suna ɗan ja da baya, suna tsokanarsa wai kada wani ya ƙyasta ashana kusa da ladan. Shi ma yana taya su dariya.

Wata rana abinci ya rage mini da wuri, na ce bari in kai masa. Na hau acaɓa daga Tina Junction na sauka a bakin shingen kwanon da aka zagaye wurin da shi, na tura ƙyauren na shiga. Katafila ta yaye ƙasa, ga bayan tankin nan ya fito ja wur da tsatsa, maza uku a tsaye a kansa riƙe da igiya suna hira. Na tambayi ina ƙanina, ɗaya ya nuna mini ramin da baki. Na tsaya da kwanon abinci a hannu ina jira. Na jira har na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sai ga igiya ta motsa, suka jawo shi.

Abin da ya fito daga ramin nan ba Auta ba ne. Idanu jajur, yawu na zuba, yana ƙyalƙyala dariya ba dalili. Ya taka ɗaya biyu ya yi tangaɗi ya zube a kan yashi, yana kiran sunan Innarmu da ko fuskarta bai sani ba. Mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba, ga shi a gaban jama'a kamar wanda ya kwana a gidan burkutu. Leburorin suna ta dariya, wai ladan ya yi caji. Ɗayansu ne ya gaya mini gaskiyar abin: ba mai kwasar dagwalo da ƙarfinsa ya riƙe numfashi har ƙarshe, dole ya riƙa ɗan zuƙa. Su da ba su daɗewa kaɗan suke zuƙa. Shi da ake yaba masa daɗewa, shi ya fi kowa sha.

Ban san lokacin da na dire kwanon ba. Oga yana can inuwa a kan benci yana waya, na je na tsaya a kansa. Na ce, "Kai, ba ka da tsoron Allah? Wannan da kake gani a kwance, shi ke tashin ka salla kullum!"

Ya rufe wayar da tafin hannu. "Haba Yaya, mene ne na tashin hankali? Yanzu zai ware. Kai, ku ba shi madararsa, ku ba shi biyu."

Na ce ya sha madarar shi da ya saya. Na ce in cikin tankin lafiya ne ya cire babbar rigarsa ya shiga, in kuma tumbi ya hana shi ya turo ɗansa na fari, ai shi ma siriri ne. Na yi masa tatas, ta inda na shiga ba ta nan na fita ba. Sai ya yi murmushi, irin na wanda ya san mace ce za ta gaji ta tafi. Aka kuwa taru a kaina ana ba ni haƙuri, ni, ba wanda ke kwance a yashi ba.

Da Auta ya dawo hayyacinsa, da ni ya yi fushi. Ya zo gidana da yamma ya ƙi zama. Ya ce na kunyata shi a gaban mai ba shi abinci. Na ce ya dawo Tina Junction ya kafa injinsa kusa da rumfata, ya ce masu facin wurin sun riga sun ce ba su yarda ba. Na ce to ya zauna, ni zan riƙe gidansa har Allah ya kawo wani abu. Nan ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Har yaushe za ki yi ta goyo na, Yaya? Da gemuna? Rani ɗaya ne kawai, gidajen man ba su da yawa. Numfashin nan Allah ne ya ba ni."

Na ce, "Don tanki ya ba ka?"

Ya sa takalmi ya fita. Gidajen man kuwa ashe suna da yawa. Daga Titin Bauchi suka koma wani, daga can wani, kowa na gudun a rufe masa gida, kuma duk inda Oga ya sami aiki da ladaninsa yake taƙama.

Na je ranar da ma'aikatan hukuma suka zo duba sabon tankin gidan man farko, don na ƙudura sai na yi magana da babbansu. Sun zo da hulunan kwano farare tas. A ranar na ga Auta cikin sabuwar rigar aiki, da abin rufe fuskar nan mai tiyo rataye a wuyansa, an tsayar da shi a gefe yana ƙyalli. Da safe aka karɓo, da yamma aka mayar. Ma'aikatan suka hura wa sabon tankin iska, suka toshe, suka ɗaura masa wani agogo mai allura, suka ja kujeru suka zauna suna kallo ko allurar za ta sauka. Yini guda manyan mutane suna gadin ƙarfe su ga ko yana riƙe iska. Ƙanina yana bayansu yana tari a cikin hannun riga, ba wanda ya waiga.

Na sami babban nasu na gaishe shi, na gaya masa komai. Mutumin kirki ne a fuska, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, mu namu ƙasa ne da ruwa. Maganar leburori wani ofishi ne daban." Na ce wanne? Ya ce zai tambaya mini. Allurar ba ta sauka ba, suka tafa, aka kawo musu lemo.

A kicin ɗina na fara jin abin da ke faruwa, tun kafin kowa ya lura. Kiran da na saba ji tun yana saurayi ya fara gajarta. Inda yake ja da numfashi ɗaya sai na ji ya yanka biyu. Sannan ya koma yin shiru a tsakani, shirun da ni kaɗai na san na haki ne. In ya yi sai in tsaya da ludayi a hannu har sai ya ci gaba.

Na aika mijina wurin liman, ya dawo ya ce liman ya ce za a duba. Ban yarda ba, na yafa mayafi na je da kaina, na durƙusa a zaurensa na ce, "Allah gafarta Malam, ladaninku ake kashewa da rai, kuma mai yin yana bayanka a sahu. Kai kaɗai zai ji wa magana." Ya ja carbinsa. Ya ce zai yi masa nasiha.

Ya kuwa yi. Kun san abin da nasihar ta haifa? Oga ya sayo wa masallaci sababbin lasifika, manya guda biyu, da batir mai riƙe wuta, wai don kada ladan ya riƙa wahalar da ƙirjinsa. Ranar Juma'a aka ɗaura su, aka yi ta sa masa albarka, har da masu cewa samun irinsa sai an tona. Ni da na ji, tukunya na wurga ta bugi bango. Mijina ya ce in yi a hankali, na ce shi ma ya fita mini daga ido.

Ba ni na raba Auta da tanki ba, kada a ba ni ladan da ban samu ba. Oga ne ya sallame shi da kansa da damina ta kusa, da ya ga ya fara girgiza igiya tun bokitin farko bai cika ba. Ya ce masa ya je ya huta, shi kuwa ya riga ya sami wani siririn daga unguwar Gangare. Sista ce ta kama hannunsa ta kai shi asibitinsu, ni ma na bi su, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce tururin ya ƙone masa huhu, zai rayu in ya kiyaye, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. A hanyar dawowa Auta ya ce da ni kada in gaya wa mutanen masallaci. Ya ci gaba da kira, a gajarce, yana manna baki a makirfo don ta ɗauke masa nauyi.

Wata magariba, an yi ruwa an ɗauke, garin ya yi sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Ina tsakar gida ina kwashe shanya ya fara kira. Ya yi kabbarori lafiya. Yana shiga shahada tari ya sarƙe shi. Da tsohuwar lasifika ce, da iyakarsa layinmu. Amma sabuwa ce, mai ƙarfi, ta ɗauki tarin nan ta watsa shi kan Dilimi gaba ɗaya, da kakarin, da shaƙewar, da yadda yake jan iska tana ƙi. Yara a waje suka daina wasa. Sista ta leƙo ta katanga. Na ji ya sake ɗauko shahadar daga farko, ta sake karyewa a wuri ɗaya. Sai ƙarar ƙarfe, kamar an karɓi makirfo daga hannu, wata murya mai kauri ta ƙarasa kiran a gurguje. Na san muryar, don na taɓa tsayawa a kanta ina zagi. Oga ne.

Allah ya isa. Na faɗa a ranar da ƙarfi a tsakar gidana, kuma ban janye ba har yau.

Bayan an idar sai ga Auta ya yi sallama. Rabonsa da zama a gidana tun ranar da muka yi faɗa. Ya nemi tabarma ya zauna a bakin ƙofar kicin, inda yake zama yana yaro in yana jiran ƙanzo. Na yi niyyar in ce masa ai na gaya maka, maganar tana bakina, na haɗiye ta. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, har nan aka ji?"

Na ce, "Har nan."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan mabuɗin akwatin da ake kulle na'urar lasifika, ya ajiye a kan tabarma ya turo mini. "Ki ba maigidanki ya kai wa liman. Ni ba zan iya kai masa ba."

Na zuba masa tuwo bai taɓa ba. Muna zaune a haka har lokacin isha ya yi, wani saurayi da ban san muryarsa ba ya fara kira. Na ga Auta ya gyara zama, kafaɗunsa sun ɗaga, ya ja iska kamar yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma sha. Ta tsaya masa a rabi. Ya sauke ta a hankali, ya dafa ƙirji, ya ce, "Yaya, ɗan ba ni ruwa."